Wane tsarin tara maki na kamfanin jirgi ya dace da ɗan kasuwar Katsina?

Wani Alhaji mai shagon kayan lantarki a Babbar Kasuwar Katsina ya aiko da tambaya. Ya ce yana zuwa Guangzhou, wadda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, sau biyu a shekara sarin kaya, yana zuwa Umara kusan kowane azumi, mai ɗakinsa tana zuwa Alƙahira ganin likita, ɗansa kuma yana karatu a Ingila. Akwai katin tara maki na kamfanoni huɗu a aljihunsa, na Ethiopian Airlines da EgyptAir da Qatar Airways da Saudia, amma shekara biyar ke nan bai taɓa cin moriyar ko ɗaya ba. Yana son ya san wanne zai riƙe, wanne zai bari.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na daɗe ina yankan tikiti a garin nan, kuma irin wannan koken na sha jin sa daga bakin mutanen da suka fi ka yawan tafiya. Amsar a taƙaice ita ce, ka zaɓi tsarin da ya dace da jirgin da kake hawa a zahiri, daga filin da kake tashi a zahiri, zuwa garin da kake maimaitawa, sannan ka riƙa zuba duk makinka a lamba ɗaya cikin kowane ƙawancen kamfanoni. Katunanka huɗu ba su yi maka komai ba saboda ka raba ruwa ɗan kaɗan cikin randa huɗu, babu wadda ta cika balle a ɗiba. Sai dai kafin ka yarda da ni, ya kamata ka ga yadda lissafin yake, domin akwai wuraren da maki ke zuba ba tare da mai shi ya sani ba.

Kamfanin American Airlines ne ya shahara da fara wannan tsari a shekarar 1981, sauran suka bi sahu. Manufarsa tun farko ita ce a ɗaure fasinja da kamfani guda, ta yadda ko ya ga tikiti mai rahusa a wani wuri zai yi jinkirin saye don kada ya rasa abin da ya tara. Maki iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne tushen ruɗanin yawancin mutane. Akwai makin kashewa, wanda ake sayen tikiti da shi ko a ɗaga kujera daga ikonomi zuwa bizines. Akwai kuma makin matsayi, wanda ba a sayen komai da shi, aikinsa kawai ya ɗaga mutum daga kati na farko zuwa Silver, zuwa Gold, zuwa Platinum. Makin kashewa yana taruwa shekaru, shi kuwa makin matsayi ana ƙirga shi ne cikin wa'adi, galibi wata 12, in wa'adin ya cika ba ka kai ba a koma ƙirga daga farko. Don haka mutum na iya tara maki 60,000 cikin shekara biyar, ya ci gaba da zama a kan katin farko, ya riƙa mamakin me ya sa ba a taɓa buɗe masa falon manyan baƙi ba.

Manyan kamfanonin jiragen duniya sun kasu cikin ƙawance uku. Star Alliance shi ne na farko, an kafa shi a 1997, kuma a cikinsa ake samun Ethiopian, wanda ya shiga a 2011, da EgyptAir da Turkish Airlines da suka shiga a 2008, da Lufthansa da United da Air India da Air China. Na biyu shi ne oneworld na 1999, inda British Airways yake, da Qatar Airways da ya shiga a 2013, da Royal Air Maroc da Malaysia Airlines da Cathay Pacific. Na uku SkyTeam ne na shekarar 2000, mai ɗauke da Air France da KLM da Delta da Kenya Airways, da Saudia da ya shiga a 2012. Emirates ba ya cikin ko ɗaya, yana tafiyar da tsarinsa na Skywards tare da flydubai. Amfanin ƙawancen shi ne lambarka ta kamfani ɗaya tana aiki a jiragen duk abokansa: kana iya hawa EgyptAir ka ba da lambar ShebaMiles ta Ethiopian, makin ya faɗa can, kuma in ka kai Gold a ɗaya, sauran za su karɓe ka a matsayin Gold. Babu kamfanin jirgin Najeriya da ke cikin waɗannan ƙawance uku, saboda haka tashin da kake yi daga Katsina zuwa Abuja ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan.

Daga nan ka ga kuskuren farko da ke cikin aljihunka. Katin ShebaMiles da na EgyptAir Plus 'yan gida ɗaya ne, duk na Star Alliance, don haka babu dalilin riƙe su biyu. Duk tafiyar da ka yi a EgyptAir ka zuba a katinsa, da wadda ka yi a Ethiopian ka zuba a nasa, da a wuri ɗaya suka taru da tuni sun zama wani abu.

Mutumin Katsina ko Daura da zai fita ƙasar waje, in ba aikin Hajji ba, kusan koyaushe ta filin Malam Aminu Kano yake tashi, ko ya bi ta Kankiya da Bichi, ko ta Kazaure. In jirgin da yake so ba ya zuwa Kano sai ya gangara Abuja. Wannan shi ne ma'aunin farko, kuma na fi ba shi nauyi kan duk wani alkawarin da ke cikin takardun talla. Daga Kano, Ethiopian yana kai mutum Addis Ababa, EgyptAir yana kai shi Alƙahira, Qatar Airways ya fara zuwa a 2022, Saudia kuma ya daɗe yana jigila zuwa Jidda. British Airways da Lufthansa da Air France da Turkish sai an je Abuja, Delta da United da KLM da Virgin Atlantic kuwa sai Legas. Tsarin da ya fi kowane kyau a takarda, in jirginsa daga Legas yake tashi, ga mutumin Ƙofar Kaura ya zama ƙarin tikitin cikin gida da kwanan otal da haɗarin rasa jirgi, kuma babu makin da zai biya wannan. Jadawalin kamfanoni yana sauyawa, amma a shekarun nan ƙawancen da ya fi kafuwa a Kano shi ne Star Alliance, tunda yana da kamfani biyu da kowannensu ke kai mutum har Gwanzu.

Abu na biyu shi ne harafin tikiti, kuma a nan ne mafi yawan maki ke salwanta. Kujerun ikonomi duk iri ɗaya ne a ido, amma kamfani yana sayar da su a farashi daban-daban, kowane farashi da harafinsa. Y shi ne cikakken farashin ikonomi, J da C na bizines ne, sauran haruffa kuma suna sauka har zuwa mafi araha. Kowane tsari yana da jadawalin da ke nuna kason da kowane harafi ke samu: wani kashi 100 cikin 100 na nisan tafiya, wani kashi 50, wani kashi 25, wani kuma babu komai. Mutum biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa daga Addis Ababa zuwa Gwanzu, ɗaya ya tashi da maki 5,000, ɗaya ya tashi hannu rabbana. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne harafi ɗaya na iya samun kaso mai kyau a tsarin kamfanin da ya sayar da shi, ya samu ƙasa da haka in an zuba shi a tsarin abokin ƙawance. Wasu tsare-tsaren ma sun daina duba nisa a jiragensu, suna duba kuɗin da aka biya ne, kamar Flying Blue na Air France da KLM, da Miles & More na Lufthansa. British Airways ya mayar da makin matsayinsa kan kuɗin da aka kashe tun Afrilun 2025. Ga mai yankan tikiti mai araha a doguwar tafiya, tsarin da ke ƙirga nisa ya fi alheri nesa ba kusa ba.

Mu yi lissafin tafiyarka. Daga Kano zuwa Addis Ababa mil 2,000 ne da ɗoriya kaɗan, daga Addis Ababa zuwa Gwanzu kuma kusan mil 5,000, wato zuwa da dawowa kimanin mil 14,000. Sau biyu a shekara ya zama 28,000, in harafin tikitinka yana samun cikakken kaso. In rabi yake samu, 14,000 ke nan. Kano zuwa Jidda da dawowa bai wuce mil 4,300 ba. Matakin Silver a irin waɗannan tsare-tsare yana farawa ne daga wajen maki 25,000 a shekara, Gold kuma tsakanin 40,000 da 50,000; a Miles&Smiles na Turkish, alal misali, matakin Elite wanda ya yi daidai da Gold yana buƙatar 40,000 cikin wata 12, kuma yana ɗaukar shekara biyu. Ka ga ke nan da tafiya biyu zuwa ƙasar Sin, Gold ya yi maka nisa sai in kana hawa bizines, wanda ke ba da fiye da nisan tafiyar. Silver kuwa yana hannunka, muddin tafiye-tafiyen biyu sun faɗa lamba ɗaya kuma harafinsu mai kyau ne. Na fi son in faɗa maka wannan tun yanzu da in bar ka kana bin abin da lissafi bai ba ka ba.

Me ya sa nake ta maganar matsayi, ban soma da tikitin kyauta ba? Saboda kai ɗan kasuwa ne, kuma abin da ke cin kuɗin ɗan kasuwa a filin jirgi shi ne awo. Tikitin ikonomi daga Najeriya galibi yana ba da jaka biyu, kowace kilo 23. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin awo a Gwanzu ranar dawowa ya san yadda jaka ta uku ke tsada, da dala ake biya, kuma ba a ciniki. Mai katin Gold na Star Alliance yana da ƙarin jaka ɗaya, ko ƙarin kilo 20 a hanyoyin da ake ƙirga nauyi, a jiragen ƙawancen gaba ɗaya, ban da wasu tikitoci mafi araha na wasu kamfanonin Turai. Yana da layin awo na musamman, yana shiga jirgi da wuri, jakarsa tana fitowa a sahun farko, kuma yana shiga falon hutawa ko da tikitinsa na ikonomi ne. Wanda ya taɓa yada zangon awa bakwai a filin jirgin Bole na Addis Ababa a kan kujerar ƙarfe ya san darajar wurin da zai miƙe ƙafa, ya ci abinci, ya yi alwala cikin natsuwa. Ƙarin jaka ɗaya a kowace dawowa, in ka cika ta da samfur da ƙananan kaya masu tsada da ba ka son jiran kago, sau da yawa ta fi tikitin kyautar da za ka jira shekara uku kafin ka samu.

Silver yana da wani sirri da ya kamata ka sani. A jiragen abokan ƙawance ba ya ba da abin a zo a gani: Silver na Star Alliance fifiko kawai yake bayarwa a jerin masu jiran kujera. Amma a jirgin kamfanin da ya ba da katin, yakan zo da ƙarin kaya da layi na musamman, wani lokaci har da falo a babban filin kamfanin. Silver na Qatar Airways, wanda ake samu da Qpoints (makin matsayi na Qatar) 150 cikin wata 12, yana ba da ƙarin kilo 15 ko jaka ɗaya a jiragen Qatar. Gold yana buƙatar 300, Platinum 600. Silver na Emirates yana ba da ƙarin kilo 12 inda ake ƙirga nauyi. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, tunda Silver ne matakin da za ka iya kaiwa, dole katin ya zama na kamfanin da kake hawa da kansa. Wanda ke iya kaiwa Gold shi ne ke da damar zaɓen duk tsarin da ya fi sauƙin kaiwa cikin ƙawancen, ko da bai taɓa hawa jirginsu ba, domin Gold ɗinsa zai yi aiki ko'ina. Akwai masu riƙe Miles&Smiles saboda wannan dalili alhali Ethiopian suke hawa, kuma dabara ce mai kyau gare su, amma ba taka ba ce.

Saboda haka ga hukuncina. Ka duba tikitocinka na shekara biyu da suka wuce, ka ga wanne ka fi hawa zuwa Gwanzu. In Ethiopian ne, kamar yadda yake ga yawancin mutanenmu, ShebaMiles ne babban katinka, kuma duk ranar da ka hau EgyptAir ko Turkish ko Air India lambarsa za ka bayar, bayan ka tabbatar harafin tikitin yana samun kaso a jadawalinsa. In kuwa ta Doha ka fi bi, to Privilege Club na Qatar ne babba, ShebaMiles ya koma na biyu. Abin da ba zai yi ba shi ne tafiyar Afrilu a wannan, ta Oktoba a wancan, domin ta haka ne ka shekara biyar a kan katin farko.

Batun Umara da Hajji na bukatar bayani na daban, domin mutane da yawa suna tsammanin maki a inda babu shi. Jiragen da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ke raba wa jihohi, waɗanda ke kwasar alhazanmu daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa, jiragen shata ne, kuma jirgin shata ba ya ba da maki. Umara ma in ta hannun kamfanin da ke haɗa biza da masauki da tikiti a dunƙule ka tafi, akwai yiwuwar tikitin na ayari ne, wanda yawancin tsare-tsare ke ba shi kaso kaɗan ko su hana shi gaba ɗaya. Sai in tikiti ne na kanka a jirgin Saudia na yau da kullum ne makin zai shiga Alfursan, tsarin tara maki na Saudia. Tafiya ɗaya a shekara mai mil 4,300 ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka bar katin a buɗe tunda ba a biyan kuɗin riƙe shi, ka ba da lambar in ka hau, amma kada ka gina komai a kansa. In ta Alƙahira ko Addis Ababa ka bi zuwa Jidda, makin zai tafi babban katinka ya taimaka wajen cika Silver, sai dai ni ba zan ba mai azumi shawarar ƙara zango a kan hanya saboda maki ba.

Game da Hajiya da yaronka, ka'idar ita ce maki na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya kuɗi ba. Ko kai ka yanki tikitin Hajiya zuwa Alƙahira, ba za a zuba makin a lambarka ba, tunda sunan da ke tikitin ya saɓa da na katin. Sai ta samu lambarta. Kamfanoni da dama suna da asusun iyali da ke haɗa makin kashewa wuri ɗaya, kamar Emirates da Qatar da British Airways da Flying Blue, EgyptAir Plus ma an san shi da tsarin iyali, kowanne da sharaɗinsa kan yawan mutane da dangantakarsu. A mafi yawansu makin kashewa ne kawai ke haɗuwa, matsayi na kowa nasa ne. Tunda Hajiya EgyptAir take hawa kai tsaye daga Kano, ita ce ta dace da katin EgyptAir Plus.

Shi kuwa ɗanka, akwai abin da ya sa katin Qatar ɗin nan bai kamata a yar da shi ba. Tun 2022 Qatar Airways ya koma amfani da Avios, wato irin makin da British Airways ke amfani da shi, kuma mutum na iya haɗa asusunsa na kamfanonin biyu ya riƙa mayar da maki daga wannan zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya. Yaron da ke hawa British Airways daga Abuja wani lokaci, wani lokaci kuma Qatar daga Kano ta Doha, duk a tukunya ɗaya yake tarawa. Ka ce masa ya duba tsarin ɗalibai na Qatar, Student Club, wanda ke ba da rangwame da ƙarin kaya, domin ga ɗalibi wannan ya fi maki amfani.

Maki yana mutuwa, kuma ina kyautata zaton wani ɓangare na abin da ka tara tun shekara biyar ya riga ya tafi. Hanyar mutuwarsa biyu ce. A Miles & More da Miles&Smiles da Skywards, maki yana da wa'adi na kimanin shekara uku daga lokacin da aka same shi, ko kana tafiya ko ba ka yi, sai masu babban matsayi da akan ɗaga wa ƙafa. A wasu kuma rashin motsi ne ke kashe shi: Avios yana nan muddin ba a yi wata 36 ba tare da an samu ko an kashe ko ɗaya ba, Flying Blue kuma wata 24. Delta da United sun soke wa'adin gaba ɗaya, amma jiragensu a Legas suke. Ko makin bai mutu ba, darajarsa tana raguwa, domin kamfani na da ikon ƙara yawan makin da ake buƙata a kowace hanya duk ranar da ya ga dama, kuma ba safai ake ganin ya rage ba. Wanda ya ga abin da ya samu naira tun 2023 ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan. Maki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira tsada. Da zarar ya isa sayen abin da kake buƙata, ka kashe shi.

Kashewar ma tana da nata sharuɗɗa. Tikitin maki ba kyauta ba ne gaba ɗaya, domin harajin filayen jirgi da ƙarin kuɗin da kamfani ke ɗorawa, wanda akan kira kuɗin mai, duk da kuɗi ake biyan su. A wasu kamfanonin, British Airways da Lufthansa da Emirates na cikinsu, wannan ƙarin yana da nauyi, kuma tashi daga Ingila yana da harajin fasinja na gwamnati mai tsada a doguwar tafiya. Yakan faru mutum ya ba da maki masu yawa a tikitin ikonomi, sannan ya biya kuɗin da ya kusa rabin farashin tikitin. Hanyar gane ko cinikin ya yi ita ce ka ɗauki farashin tikitin na kuɗi, ka cire abin da za ka biya a tikitin maki, ragowar shi ne abin da makinka ya saya maka. Da wannan ma'auni, ɗaga kujera zuwa bizines a doguwar tafiya, ko yankan tikiti a lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi, su ne suka fi fitar da darajar maki. Sai dai kujerun maki ƙalilan ne a kowane jirgi, kuma lokutan da kake buƙatarsu, goman ƙarshe na azumi da lokacin baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu a Afrilu da Oktoba, su ne lokutan da suke fara ƙarewa. Sai an nema watanni kafin tafiya. Ka kuma tanadi katin banki na asusun dala, domin biyan harajin ta intanet da katin naira ya sha ba mutane wahala a shekarun baya.

Za ka ci karo da rubuce-rubucen Turawa masu ba da labarin zagaye duniya a bizines da maki kawai. Mafi yawansu Amurkawa ne, kuma makinsu daga katin bashi na banki yake fitowa, wanda ke ba su dubban maki a kan sayayyar yau da kullum. Mu nan galibi daga kujerar jirgi muke samun namu, shi ya sa shawararsu ba ta hau kanmu. Akwai kuma haɗarin da su ba su sani ba. A ƙarshen 2022 Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Wanda ya tara duk makinsa a Skywards ya zauna kusan shekara biyu babu jirgin da zai hau daga gida, wa'adin makin kuma yana tafiya. Katin da ke cikin ƙawance ya fi aminci ta wannan fuska, domin in kamfani ɗaya ya janye daga Kano, abokinsa yana nan.

Sauran aikin na kula ne, kuma shi ne mutanenmu suka fi sakaci da shi, tunda yawanci yaron shago ko ejan ke yankan tikiti. Sunan da ke katin ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi: in fasfo ya ce Muhammad, katin ya ce Mohammed, ko an juya sunan uba ya zo gaba, na'ura na iya ƙin zuba makin. Ka buɗe asusun da imel ɗinka da lambar wayarka, kalmar sirri kuma ta zauna a wurinka. Na taɓa ganin wani bawan Allah da ejan ɗinsa ya buɗe masa asusu da imel ɗin ofis, ya shekara huɗu yana tafiya, ranar da ya nemi makinsa aka tarar an yanka wa wani tikiti da shi. Kada ka sayi maki a hannun masu tallarsa a WhatsApp, kada kuma ka sayar da naka, domin ƙa'idojin kamfanoni sun hana, kuma suna rufe asusu su ƙwace abin da ke ciki. Duk lokacin da za a yanka maka tikiti ka tambayi harafinsa kafin ka biya, a wurin awo ka duba ko lambarka ta fito a katin shiga jirgi, sannan ka adana katin har sai makin ya bayyana a manhaja. In bai bayyana ba ana iya nema daga baya, amma da wa'adi, wasu wata shida wasu shekara guda, kuma lambar tikiti da katin shiga jirgin za a tambaye ka.

Akwai inda zan ce ka manta da maki gaba ɗaya. In bambancin farashi tsakanin jirgin katinka da wani jirgin ya fi kuɗin jaka ta uku, ka hau mai arahar. In harafi mai cikakken kaso ya fi mai rabi da kuɗi kaɗan, kuma shi ne zai cika maka Silver a wannan shekarar, ƙarin ya halatta, musamman da yake irin wannan tikitin ya fi sauƙin sauya rana in kaya ba su kammala ba a masana'anta. In kuwa ƙarin mai yawa ne, kuɗin ya fi amfani a cikin jari.

Game da katunan huɗu da ke hannunka yanzu, ka sa a buɗe maka kowanne a duba abin da ya rage da ranar mutuwarsa. Ba a mayar da maki daga EgyptAir Plus zuwa ShebaMiles duk da suna ƙawance ɗaya, don haka abin da ke cikin na EgyptAir sai a kashe shi a can, kuma tunda ana iya yanka wa wani tikiti da makin mutum, tafiyar Hajiya ta gaba zuwa Alƙahira ita ce wurin da ya dace da shi in ya isa. Na Qatar ka tabbatar bai yi wata 36 babu motsi ba. Tikitocin tafiyarka ta ƙarshe zuwa Gwanzu kuma ka nemo su a cikin makon nan, domin in ba a sa lambar kowane kati a kansu ba, mai yiwuwa wa'adin neman makinsu bai wuce ba tukuna.